Baƙar Kyanwa a Ƙafar Sarauniya

Har yau idan na ga baƙar kyanwa sai raina ya ɓaci, kuma ba kyanwar ce ta yi mini laifi ba. Mutane ne suka yi mini, mutanen da suka yi boko har suka ƙetare teku, suna saka fararen kaya suna yi wa Turawa allura.

A shekarar 1985 na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke kusa da Vom, na kawo ta Greenbelt a Amurka, inda nake haya a wani gidan bene, ina aikin nas a wani asibiti. Duk wanda ya tambaya sai in ce hutu ta zo. Ba hutu ba ne. Babanmu ya rasu da ciwon hanta, shekara ba ta zagayo ba autanmu ya mutu a hatsarin mota a Hawan Kibo, sai gari ya ɗauka cewa Mama ce ta cinye su. Ba wanda ya iya zuwa ya faɗa mata a fuska. Yara ne kawai suka daina shigowa gidanmu. Idan ta kai gwate, faten acca irin namu, taron zumuntar mata, haka za ta dawo da kwanonta a cike. Matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwa, sai ga shi idan ta doso, uwa ta ja ɗanta ta ɓoye shi bayan zane.

Da ta iso Amurka ta yi watanni ba ta da magana. Ta rame, abinci sai na yi da gaske take taɓawa. Abin da ya dawo da ita shi ne Constance, wata 'yar Kagoro da ke zaune a saman ɗakina, nas ce ita ma, tare muke aiki. Ta haifi ɗanta na fari, Katung, hutun haihuwarta ya ƙare, ta rasa wanda za ta bar wa shi. Wata safiya ta sauko ta ɗora shi a cinyar Mama ta ce, "Mama, ga jikanki." Constance ba ta san komai game da maganar ƙauyenmu ba, ni kuma ban ga dalilin gaya mata ba.

Daga ranar Mama ta miƙe. Ta goya yaron nan ta zaga da shi cikin ciyawar gidajenmu, Turawa suna tsayawa kallo, ita ko a jikinta. Ta dama masa kunun acca, ta yi masa waƙa da yarenmu, ta yi faɗa da Constance a kan madarar gwangwani. Har ƙiba ta yi. Yaron nan shi ne duk abin da Mama take da shi a ƙasar nan, ni da ƙanena Davou mun sani.

Davou yana Fort Washington, injiniya ne, ya auri Irene, Ba'amurkiya baƙar fata 'yar Baltimore, malamar firamare. Ba zan ci zalinta ba, Irene tana da kirki. Ta koyi "sannu" da "na gode", tana durƙusa wa Mama duk da ba ta iya ba. Amma tana da wasu katuna da take naɗewa a ɗankwalin siliki, ana ce musu tarot, kowanne da hotonsa, mutane da dabbobi da taurari. Ta ce ita ba duba take ba, ba ta san gobe ba, hoto ne mutum zai kalla ya yi tunanin rayuwarsa, kamar yadda fasto zai ɗauki labarin tunkiya ya ce da kai ake. Ta taɓa zaro mini ɗaya, wata mata sanye da fararen kaya ta riƙe bakin zaki tana shafa shi. Ta ce zakin nan zuciyata ce, wai da lallashi ake riƙe ta. Na ce mata idan matar nan ta isa ta je Yankari ta gwada.

A ranar na ja Davou gefe na ce, "Ka gaya wa matarka abin da ya kawo Mama ƙasar nan?"

Ya ce, "Haba Yaya Kaneng, in ce mata me? Mutanen garinmu sun ce uwata mayya ce? Ai sai ta ɗauka daga daji na fito."

Na ce, "To ka ce ta ajiye katunan nan nesa da mutanenmu."

Ya ce wasa ne kawai. Davou ke nan, tun yana yaro idan magana ta yi nauyi sai ya ce wasa ne.

A watan Agusta na shekarar da ta biyo Davou da Irene suka haɗa gashin nama a bayan gidansu. 'Yan Filato da 'yan Kaduna sun cika wurin, har da Pauline, 'yar ƙauyenmu, mai haɗa magunguna a wani kantin magani a Gaithersburg. Pauline ta san maganar gida daga farko har ƙarshe. Shekara guda tana gaishe da Mama daga nesa, tana cewa "Ngo, sannu", yadda muke girmama iyaye mata, amma hannunta yana cikin jaka.

Bayan an ƙoshi wani ya tsokano maganar katunan, Irene ta shiga ta ɗauko. Da farko dariya aka yi ta yi. Kambai, mijin Constance, ya zari katin wani saurayi yana tafiya ya ɗaga kai sama, saura taki ɗaya ya faɗa rami, wani ɗan farin kare yana tsalle a ƙafarsa. Irene ta ce karen aboki ne mai gargaɗi, kowa yana da irinsa a rayuwa. Kambai ya ce, "Wannan ai Constance ce ranar da zan sayi tsohuwar motar nan." Sannan ya kalli Davou ya ce, "Amma da a Jos ne, karen nan bai kai bakin ramin ba, tuni kun barbaɗa masa yaji." Aka kwashe da dariya, Davou yana rantsuwa cewa mutanen Kagoro sun fi su cin kare. Aka zaro wata mata a lambu da shaho a hannu da katantanwa a ƙasa, Irene ta ce katantanwa haƙuri ce, arziki a hankali yake zuwa. Na ce wannan ni ce a cunkoson titin Beltway idan an tashi daga aiki. Aka zaro jatan lande yana fitowa daga ruwa a ƙarƙashin wata, Irene ta ce abin da mutum ya danne a zuciya ne yake tasowa, wata ta ce ita dai a ba ta ta daka a miyar kuɓewa.

Mama tana zaune a inuwa, Katung yana barci a cinyarta. Ba ta jin Turanci, amma tana murmushi saboda kowa yana dariya.

Sai Irene ta ce yanzu saura Mama. Ba ta bari an zara ba, ba ta ma gauraya katunan ba. Juya su ta yi tana dubawa ɗaya bayan ɗaya har ta sami wanda take nema. Ta je ta durƙusa gaban Mama, ta ɗaga shi yadda kowa zai gani, ta ce da Turanci, "Wannan ba sai an zara ba. Tun ranar da na fara ganin Mama na san ita ce wannan."

Sarauniya ce a kan karaga, sanda a hannu ɗaya, babban fure a ɗaya hannun, zakoki a jikin karagar. A gaban ƙafafunta kuma ga baƙar kyanwa zaune, ta zuba wa mai kallo ido.

Irene ta ce sarauniyar nan mace ce mai zafin zuciya da karamci, gidanta ba ya rabo da mutane. Sannan ta ɗora yatsa a kan kyanwar. Ta ce ita kuma wannan tana nufin matar tana da wani ƙarfi a ɓoye, tana gani a cikin duhu, tana ganin abin da sauran mutane ba sa gani, kuma akwai wani ɓangare nata da ba kowa ya sani ba. Ta juya tana fara'a ta ce, "Davou, gaya mata."

Davou ya tsaya da cokalin juya nama a hannu kamar an dasa shi. Na yi maza na ce, "Mama, cewa ta yi ke sarauniya ce, mai karɓar baƙi."

"Ba ki gama ba, Kaneng," in ji Pauline. Ta gyara zama, ta fassara sauran da Hausa, tsaf, ba ta rage ko kalma ba, ba ta kuma ƙara ba. Shi ya sa har gobe ban yafe mata ba, domin ban sami ƙaryar da zan kama ta da ita ba.

Mama ta kalli katin, ta kalli Irene da ke durƙushe tana jiran a yaba mata. Ta ce, "Na gode."

Na ga Pauline ta karkata tana yi wa Constance raɗa. Ba a jima ba Constance ta taso ta ce, "Mama, kawo shi in ba shi nono." Yaron da yake barci, kuma a gabanmu ya gama shan madara. Mama ta miƙa shi da hannu biyu. Ta zauna da zanen goyon a cinyarta har muka tashi.

Ranar Litinin ba ni da aikin safe. Mama ta tashi ta dama kunu, ta tafasa ruwan wankansa, ta shimfiɗa masa bargo a falo. Muna jin takun Constance a sama, muka ji ta buɗe ƙofa, muka ji ta sauko, muka ji ta wuce ƙofarmu ba ta tsaya ba. Kunun ya huce a kofi. Mama ta ɗauke bargon ta ninke.

Da yamma ina jin ta dawo na haura, ko takalmi ban tsaya sakawa ba.

"Maman Katung, ina kika kai yaron yau?"

"Gidan reno, Sista Kaneng. Dama Kambai ya daɗe yana cewa ya kamata ya saba da yara."

"Yaron da ko rarrafe bai gama iyawa ba? Ki gaya mini gaskiya."

Ta sunkuyar da kai. "Pauline ta gaya mini abin da ya faru a gida. Babanku, da ƙaninku. Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Saboda ƙarya ce! Babana ciwon hanta ya kashe shi, ke nas ce, kin san ciwon hanta. Ƙanena tirela ce ta bi ta kan motarsu. Mama ce ta tsinke wa tirela birki daga cikin ɗakinta?"

"Ni ban ce na yarda ba. Amma watan jiya ya yi zazzaɓi, ba a gano dalili ba."

"Haƙori yake yi! Mama ce ta kwana biyu tana jiƙa masa tawul kina wurin aiki!"

Sai ta ɗago ta faɗi abin da ban manta ba har yau. Ta ce, "To Sista, ita Irene fa? Ba ta taɓa zuwa Najeriya ba, ba ta san kowa a ƙauyenku ba, ba wanda ya gaya mata komai. Ta yaya cikin katunan nan duka ta je ta ɗauko mai kyanwa? Ɗa ɗaya gare ni."

Na wanke ta tas. Na ce mata kwalin karatun da ta rataya a bango gara ta kunna murhu da shi. Na ce ranar da ta rasa yadda za ta yi, ba ta tambayi ko Mama tana gani a duhu ba. Na yi ta faɗa har Baturen da ke maƙwabtaka da ita ya leƙo. Ta bari na gama, ta rufe ƙofarta a hankali, ni kuma na sauko, ban canja komai ba.

Washegari na tuƙa mota har Fort Washington. Na sami Irene tana gyara takardun 'yan makaranta, na zazzage mata komai a tsaye, Baba da auta da kwanon gwate da abin da baƙar kyanwa take nufi a wurinmu. Ta toshe baki da hannu, hawaye suna zuba. Ta juya kan Davou ta ce me ya sa bai gaya mata ba. Ya ce bai so ta raina mutanensa ba. Na ce masa to ga shi nan, ya kare mutuncin mutanensa, ya sayar da na uwarsa. Irene ta ce za ta gyara, ita ta ɓata, ita za ta je ta yi wa Constance bayani. Na ce ta bari. Ba ta bari ba.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tare Constance a wurin ajiye motoci, mata suna tsaye suna ji. Ta ce katin yabo ne, ba ta nufin wani mugun abu. Wata ta tambaye ta, to su Turawa a wurinsu baƙar kyanwa ba ta da alaƙa da maita? Irene ba ta iya ƙarya ba. Ta ce e, a zamanin da a ƙasar Turai ma haka ake cewa, tsofaffin mata masu kyanwa ana kiransu mayu har a ƙone su, amma zalunci ne, matan nan masu hikima ne kawai, sun san ganyaye, su ne masu karɓar haihuwa.

Masu karɓar haihuwa! Ina tsaye na ji wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin ji ko? Har su ma sun sani." Da ina da ikon naɗe Irene a ɗankwalin nan nata in jefa ta a kogin Potomac, da na yi a ranar.

Daga nan Mama ta daina zuwa coci. Ba wanda ya hana ta, ana ma aiko mata da gaisuwa. Amma ita ta taɓa bin hanyar nan, ta san inda take zuwa. Idan ta ji kukan Katung ta saman rufi sai ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Irene ta zo sau da yawa da 'ya'yan itace, Mama ta karɓa ta yi godiya. Ni kuwa na daina yi wa Constance magana a asibiti sai a kan majinyaci. Kullum ina roƙon Allah ya kawo ranar da za ta zo ƙofata tana roƙo.

Ranar ta zo a watan Janairu. Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe gari, makarantu da gidajen reno duk aka rufe, amma asibiti ba ya rufewa. Kambai ya yi tafiya. Da safe aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga Constance cikin kayan aiki, Katung a kafaɗa, jakar kayansa a hannu. Idonta ya kumbura.

"Sista Kaneng, don Allah. Idan ban je yau ba za su kore ni. Na yi kuskure. Tun da na kai shi gidan renon nan bai rabu da mura ba."

Wallahi daɗi na ji. Na riga na shirya maganganun da zan gaya mata tun watanni, na buɗe baki ke nan sai Mama ta fito daga kicin. Katung ya gan ta. Ya ƙwalla ƙara, ya miƙa hannu biyu, yana zillo har ya kusa suɓucewa daga hannun uwarsa.

Constance ta durƙusa a bakin ƙofa. "Mama, ki yafe mini. Ga jikanki."

Mama ta mai da hannayenta baya ta haɗe su. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Na yafe miki, 'yata," in ji ta. "Amma ki tashi ki tafi da shi."

"Mama, na ce na yi kuskure."

"Na ji. Kin ce yana mura. Idan na karɓe shi yau, gobe murar ta sauka ƙirji, me za ki ce? Ko ke ba ki ce ba, zuciyarki za ta ce. Ki kai shi inda idan ya yi tari, tari ne kawai."

Na ce, "Mama, ki karɓe shi mana! Ga ta nan ta durƙusa, me kuma kike so?" Ni da na yi watanni ina jiran in ga Constance a ƙasa, sai ga ni ina yi wa uwata tsawa a kanta. Mama ko kallona ba ta yi ba. Yaron yana ta kuka yana kiran ta da sunan da ya laƙaba mata, ita kuma ta ƙura wa ƙasa ido, hannayenta a baya.

Constance ta miƙe, ta share fuska, ta ɗauki jakar. Ta ce za ta gwada wata 'yar Ghana da ke can ƙarshen layi. Na rufe ƙofa. Muna jin kukansa yana sauka a matakala.

Na juyo zan ci gaba da faɗa, sai Mama ta riga ni.

"Kaneng, bi ta da gudu," in ji ta. "Hular ta zame, kunnensa na hagu a waje yake, ga sanyin nan. Ki ce ta rufe masa."

Na kama ƙofa. Ta riƙo mini hannu.

"Kada ki ce ni na gani."